Ku Tambayi Baba Fasto: Wa Ya Yi wa Mutum Baki?

Wasiƙu uku na zaɓo a wannan wata, dukansu kuwa a kan baki suke. Waɗanda suka rubuto a kan baiko da zakka su yi mini haƙuri sai fitowa ta gaba.

TAMBAYA: Baba, ina gaisuwa, ina fatan kai da Mama kuna lafiya. Ɗana na biyu shekararsa 6, tun yana ɗan shekara 3 yake i'ina. Wani lokaci sai ya kama kalma ɗaya ya yi ta fama da ita har jijiyar wuyansa ta tashi, ya runtse ido. Ranar Lahadin da ta wuce mai wa'azi ya ce magana baiwa ce da Allah ya fifita mutum da ita a kan dabba. Na koma gida na yi kuka. In baiwa ce, don me aka ba ɗana rabi? Wata 'yar'uwa a ikilisiya ta ce mini wataƙila akwai zunubin da ba mu tuba ba a gidanmu. Na yi azumi, na yi addu'a. Me zan yi? Daga wata uwa mai damuwa.

AMSA: 'Yata, sau biyu na karanta wasiƙarki, domin wanda kika rubuto wa shi ma mai i'ina ne.

Ina ɗan shekara 8 malamarmu ta makarantar Lahadi ta ba ni Zabura 23 in haddace. Kwana uku ina bita. In ina ni kaɗai a ɗaki, sumul take fita kamar ruwa. Ranar da na tsaya gaban yara, "Ubangiji" ta fita lafiya lau. Ina zuwa kan "makiyayina" sai leɓɓana suka haɗe kamar an ɗinke su. Mmm, mmm. Iska ta taru mini a ƙirji, kunnuwana suka ɗauki zafi, wani yaro daga baya ya fara kwaikwayon kukan saniya. Malamar nan ba ta ƙarasa mini kalmar ba, ba ta kuma ce in je in zauna ba. Ta jawo benci ta zauna don idonta ya yi daidai da nawa, ta ɗora hannuwa a cinya, ta jira. A wurina jiran nan ya kai shekara. Da kalmar ta ɓalle ta fito, abin da ta ce kawai shi ne, "Ci gaba," kamar ba abin da ya faru. Yau fiye da shekara 60 ke nan, har yanzu in na gaji harafin "m" yakan riƙe ni a kan bagadi, ikilisiya kuwa ta saba, takan jira.

Bari mu fara kawar da maganar zunubi, don ita ce ta fi ci mini rai. Almajirai sun taɓa yi wa Yesu irin wannan tambaya a kan mutumin da aka haifa makaho, a Yahaya sura 9: wa ya yi zunubi, shi ko iyayensa? Ya ce ba shi ba ne, ba kuma iyayensa ba. Amsar ta ishe mu. Likitoci ma sun san i'ina tana da nasaba da yadda ƙwaƙwalwa take tsara lokacin furuci, kuma takan bi dangi. Yawanci takan fara tsakanin shekara 2 zuwa 5. Cikin yara 100, wajen 5 sukan yi ta na wani lokaci, mafi yawansu kuma takan sake su kafin su girma. Cikin manya, kusan mutum 1 ne a cikin 100, maza sun fi mata yawa nesa ba kusa ba. Ba ta san gidan mai tsoron Allah ko na mugu ba, ba ta san fada ba ma: Sarki George na 6 na Ingila da ita ya yi sarauta, da ita ya yi wa mutanensa jawabi ta rediyo ranar da ƙasarsa ta shiga yaƙi a 1939.

Ita kuwa 'yar'uwar nan, ban san ta ba, ina kyautata zaton ba da mugun nufi ta faɗa ba. Amma ki lura da abu ɗaya. Harshenta lafiya ƙalau yake, bai sarƙe ko sau ɗaya ba sa'ad da take ɗora miki wannan kaya. Hausa ta yi mana gata a nan: da kalma ɗaya muke kiran tsokar da ke cikin baki, da yaren da muke yi, da harshen wuta. Yakubu ya ce a sura 3 harshe wuta ne, da shi muke yabon Ubangiji, da shi kuma muke zagin mutanen da aka halitta cikin kamannin Allah. A ranar Fentikos kuma, a Ayyukan Manzanni sura 2, harsuna kamar na wuta ne suka sauko, kowa ya ji bishara da harshen da aka haife shi a ciki. Wuta ɗaya ce, takan dafa, takan kuma cinye gida. In za a yi wa wani addu'ar baki a wannan labari, ni dai ba da yaronki zan fara ba.

To, mu koma kan "rabi". Ina so ki yi wani ɗan gwaji kafin ki ci gaba da karatu. Ɗora yatsa a kan maƙogwaronki ki ce "baki". Sai ki ce "baƙi". Kin ji yadda maƙogwaron ya yi tsalle sama a ta biyun? A "k" iskar huhu ce take fitowa. A "ƙ" kuwa ƙofar maƙogwaro takan rufe, ya ɗaga sama ya tunkuɗo 'yar iskar da ta maƙale a baki. Sannan ki ce "baƙi" na launi, ki ce "baƙi" waɗanda suka zo ziyara, ki ji yadda murya take sauka, wasali kuma ya ja tsawo. Ba wanda ya taɓa zaunar da ke ya koya miki wannan. A cikin maƙogwaro akwai tantani biyu, kowanne bai wuce tsawon gaɓar yatsa ba. In namiji babba yana magana, sukan buɗe su rufe fiye da sau 100 a sakan ɗaya, na mace wajen sau 200. Tsokoki kusan 100, daga ƙirji har leɓe, sai sun haɗa kai kafin jimla ɗaya ta fita, a kowane sakan kuma sauti fiye da 10 muke jerawa. Duk wannan da aron kayan aiki: huhu na numfashi ne, harshe da haƙora na cin abinci ne. Ni da na sha wuyar harafi ɗaya, abin da yake ba ni mamaki shi ne yadda yawancin mutane suke zuba magana daga safe har dare ba tare da sun yi tuntuɓe ba, ba su kuma taɓa cewa an gode ba. Ɗanki yana da wannan duka. Yana da kalmomi, yana da ma'ana, ya san abin da yake so ya faɗa sarai. A bakin ƙofa ne kawai ake samun cunkoso.

Mai wa'azinku bai yi ƙarya ba, sai dai da ni ne da na ƙara bayani, don a cikin taro ba a rasa mai i'ina ko uwar kurma. In muka ce baiwa, muna nufin abin da aka karɓa daga hannun wani. Ba mutumin da ya ƙago maganarsa. Jariri tun yana ciki yake jin muryar uwarsa, ana haihuwarsa kuma yakan bambanta ta da ta sauran mata. Wajen wata 6 ya fara gwaranci, wajen shekara ɗaya kalmar fari ta fito, kuma kowace kalma da zai furta wani ne ya fara sa masa ita a kunne. Haka Littafi Mai Tsarki ya nuna tun daga Farawa: Allah ne ya fara magana, mutum ya amsa. Manufar baiwar ita ce abin da ke zuciyar wani ya isa zuciyar wani. Inda murya ta ƙi, hannu yakan ɗauka. Andrew Foster, baƙar fata ɗan Amurka, kurma ne tun yana ɗan shekara 11, amma daga 1957 har rasuwarsa a 1987 ya kafa makarantun kurame 32 a Afirka, yana wa'azin Almasihu da yatsunsa. Wa zai ce rabi aka ba shi?

Ki buɗe Fitowa sura 4 ki karanta wa yaron da kanki. Musa ya ce wa Allah shi ba mai iya magana ba ne, bakinsa da harshensa suna da nauyi. Masu fassara da yawa sun ɗauka i'ina yake nufi. Allah ya ce masa, "Wa ya yi wa mutum baki?" Abin da na daɗe ina tunani a kai shi ne, Allahn da ya mai da sanda maciji a wannan sura bai taɓa harshen Musa ya warware shi ba. Cewa ya yi zai kasance tare da bakinsa, ya kuma ba shi ɗan'uwansa Haruna ya tsaya kusa da shi. Har a sura 6 Musa yana ta kawo kukan bakin nan nasa. Ga kuma abin da yake sa ni murmushi: a Ibrananci abin da Musa ya ce shi ne, "Ni ba mutumin kalmomi ba ne." Littafin Maimaitawar Shari'a kuwa, wanda kusan dukansa jawabin Musa ne, sunansa a wurin Yahudawa "Debarim", wato Kalmomi.

Ba na yi miki alkawarin ɗanki zai zama mai wa'azi, ko i'inar za ta tafi. Tun da ta kai shekara 3 tana tare da shi, har yana runtse ido yana kokawa, lokaci ya yi da za ki nemi likita ya haɗa ku da ƙwararren mai gyaran furuci. Zuwa wurinsu ba rashin bangaskiya ba ne, kuma da wuri ya fi. A gida kuwa, ki hana kowa ƙarasa masa magana, har da ke. Ki daina cewa "yi a hankali" ko "ja numfashi", don yaro yakan ji kamar ana ce masa ya yi laifi. Ke ki rage saurin taki maganar, shi zai bi. In ya gama, ki amsa abin da ya faɗa, kada ki yi sharhi a kan yadda ya faɗe shi. Ki yi wa yayyensa da malaminsa magana a gefe. Ki kuma bar shi ya yi waƙa, don mafi yawan masu i'ina in suna waƙa ba ta kama su. Ni a ƙungiyar mawaƙa na fara jin muryata ta tafi daga farkon layi har ƙarshe ba tare da ta faɗi ba, na koma gida ranar ina tsalle.

TAMBAYA: Baba, ni ɗalibi ne. Aku yana magana, an ce birai ma suna da nasu yare, wayata kuma in na tambaye ta abu da murya take ba ni amsa. Ina fifikon mutum a nan? Ba mu Kirista ne muke kambama kanmu ba?

AMSA: Ɗana, tambayarka ta yi mini daɗi, kuma kana da gaskiya a wani ɓangare. A 1980 masu bincike a Amboseli ta ƙasar Kenya sun nuna wasu birai suna da kuka dabam don damisa, dabam don gaggafa, dabam don maciji. In aka yi na damisa sai su haye itace, in na maciji ne sai su miƙe tsaye suna duban ƙasa. Karl von Frisch ya sami kyautar Nobel a 1973, cikin aikinsa har da gano yadda ƙudan zuma take rawa ta nuna wa 'yan'uwanta inda furanni suke. Mai bi bai kamata ya ji haushin wannan ba, Mahalicci ɗaya ne. Littafin Ƙidaya sura 22 ma ya ce jakar Bal'amu ta yi magana, ta kuma fi maigidanta gani, saboda haka mu rage fahariya.

Amma ba a taɓa jin biri ya ce wa ɗan'uwansa, "Ka tuna damisar bara? Da ba ka ja ni ba da na mutu, na gode." Mutum yakan yi maganar jiya da ta gobe, da abin da bai taɓa faruwa ba, ya ɗauki 'yan sautuka kaɗan ya gina jimlar da ba a taɓa ji ba tun da aka yi duniya. Harsuna wajen 7,000 ake yi a duniya yau, ba kuwa wata al'umma da aka taɓa samu ba ta da nata.

A wurina babban abin ma yana gaba. Akwai kalmomin da in mutum ya furta su, sun ɗaure shi: na yi alkawari, na tuba, na yafe maka, na ba da gaskiya. Hausawa sun ce magana zarar bunu ce. Wayarka daga rubuce-rubucen mutane aka koya mata jera kalmomi, ta kuwa iya, ni ma jikata takan sa ta ta karanta mini saƙo. Amma in ta ce maka "yi haƙuri", wa ya ji kunya? Wa zai kasa barci? Ka duba Farawa sura 2. Allah ya kawo dabbobi wurin Adamu don ya ga sunan da zai sa musu, wato Mahalicci ya tsaya yana sauraron halittarsa. Duk da haka ba a rubuta mana ko kalma ɗaya daga bakin Adamu ba sai a aya 23, sa'ad da ya ga wadda za ta iya amsa masa.

TAMBAYA: Baba, mahaifinmu dattijon ikilisiya ne, shekara 30 yana bi da addu'a. Wata 5 da suka wuce ya sami shanyewar ɓarin jiki na dama. Yanzu ba abin da yake iya faɗa sai "to". Kome aka tambaye shi, "to, to". Wani lokaci sai ya yi ta hawaye. Abin da yake damuna, yaya zai yi addu'a? In yana da abin da yake so ya tuba a kai fa? Abin mamaki, ranar da 'yan ƙungiyar mata suka zo gaishe shi suka ta da waƙa, sai muka ji yana bi, da kalmomin duka. Suna gamawa ya koma "to". Kanina ya ce ashe da gangan yake ƙin yi mana magana. Daga babbar 'yarsa.

AMSA: 'Yata, sannu da jinya, Allah ya ƙara miki ƙarfi. Ki fara gaya wa ƙaninki ya janye wannan zato tun bai kai kunnen Baba ba, domin Baba yana ji, kuma mai yiwuwa yana gane fiye da yadda kuke tsammani.

Abin da kuka gani sananne ne. A yawancin mutane ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa ne yake riƙe da harshe, shi ne kuma yake juya ɓarin jiki na dama, shi ya sa shanyewar dama takan zo da ɗaukewar magana. A 1861 wani likitan Faransa, Paul Broca, ya duba wani majiyyaci a Paris mai suna Leborgne, wanda ya yi shekara 21 ba ya iya furta kome sai "tan", har sunan ya bi shi. Da ya rasu aka duba ƙwaƙwalwarsa, aka ga lahani a gaba ta hagu, wurin da har yau ake kira da sunan Broca. Tun kafin wannan ma, a 1745, wani marubucin ƙasar Suwidin, Olof von Dalin, ya ba da labarin wani mutum da ciwo ya bar shi da kalma ɗaya tak, "i", amma in wani ya ta da waƙar sujada da ya sani tun da, sai ya rera ta tsaf. Waƙar da aka haddace tana bin wasu hanyoyi a ƙwaƙwalwa da ciwon bai rushe ba. A 1973 wasu likitoci a Boston ta Amurka suka mai da wannan hanyar jinya, ana sa majiyyaci ya rera gajerun jimloli kamar waƙa yana buga hannun hagu, a hankali a janye waƙar a bar maganar. Ku tambayi likitansa ko akwai mai gyaran furuci da zai duba shi. Sauƙi yakan fi sauri a watannin farko, amma mutane sukan ci gaba da samun ƙari har bayan shekaru.

Batun addu'a kuwa, kwantar da hankalinki. Hannatu ta yi addu'ar neman ɗa a Shilo, leɓɓanta suna motsi, ba a jin muryarta, har Eli firist ya zaci ta bugu. Firist bai gane ba, Allah ya gane, ɗanta Sama'ila ne amsar. Bulus ya ce a Romawa 8:26 mu duka ba mu san yadda ya kamata mu yi addu'a ba, Ruhu da kansa ne yake roƙo dominmu da nishe-nishen da ba su faɗuwa. Ki lura, ya ce mu duka, har da masu zaƙin baki. Zakariya firist ne, ya yi wata 9 bebe, da allo ya rubuta sunan ɗansa, ba a kuma ce Allah ya daina jinsa a watannin nan ba.

Akwai abin da masu wa'azin dā suke yawan mamaki a kai. A harshen Latin, kalmar da ake kiran jariri da ita ma'anarta "marar magana". Yahaya ya ce tun fil'azal akwai Kalma, Kalman nan kuma ya zama mutum. Wato wanda ta wurinsa aka ce haske ya kasance, ya kwanta a komin dabbobi bai iya cewa ko "ruwa" ba, sai kuka. A bakin Maryamu ya koyi kalmominsa na fari, ɗaya bayan ɗaya, kamar kowane yaro. Da aka kawo masa kurma mai nauyin baki a Markus sura 7, ya janye shi daga taro, ya sa yatsu a kunnuwansa, ya taɓa harshensa, ya dubi sama, ya yi ajiyar zuciya, kafin ya ce "Iffata", wato buɗe. Da hannu ya fara yi wa mutumin magana, da yaren da zai gane. Wanda ya yi haka ba zai rasa fassarar "to" ɗin Baba ba.

Na taɓa jinyar wani dattijo irin wannan shekaru da dama da suka wuce, na kuma yi kuskuren da nake so ku guje wa. Nakan shiga ɗakin in tambayi matarsa, "Yaya jikin nasa? Ya ci abinci?" alhali ga shi a zaune yana kallona. Wata rana ya kama hannun rigata da hannunsa mai lafiya, ya jawo ni, ya nuna ƙirjinsa da yatsa. Kunya ta rufe ni. Daga ranar shi nake tambaya.

Ku ma ku yi haka. Ku zauna ta inda zai ga fuskarku, mutum ɗaya ya yi magana a lokaci ɗaya, a kashe rediyo. Ku yi masa tambayar da zai amsa da kai ko da matsa hannu, ku ba shi lokaci, kada ku yi masa murya irin ta lallashin yaro, dattijo ne. In za a yi addu'ar iyali, kada a tsallake shi don an ga ba ya iyawa. Ku fara Addu'ar Ubangiji tare da ƙarfi a hankali, sau da yawa abin da aka haddace tun ƙuruciya yakan biyo baya kamar waƙar. Kowace yamma kuma ki ɗauko littafin waƙoƙinsa, wanda ya tsufa a hannunsa, ki ta da baiti na fari ki rage murya ki bar masa sauran. Ki rubuto mini ki gaya mini wace waƙa ce ya fi kamawa.